Sandar Fatsar Ammu Rajab

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abdulhadi,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Alƙahira lami lafiya kai da abokan tafiyarka. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya sa ka shiga garin nan a sa'a, Ya haɗa ka da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su.

Na san ba za ka ga takardar ba sai ka zauna ka kwance kaya, domin a cikin doguwar jakar zanen nan na cusa ta, wadda ka yi ta gunaguni a kanta cewa za ta jawo maka tambayoyi a filin jirgi. To, buɗe ka gani. Sandar fatsata ce ta gora, mai gaɓa uku, wadda tun kana rarrafe nake hana ka taɓawa. Na ba ka ita, Hadi. Ta koma garinsu, a hannun ɗana, kuma ban san yadda zan kwatanta maka daɗin da nake ji ba. Ummanku ta ce tun ranar da takardar gurbin karatunka ta zo, in baƙo ya shigo sai ya zaci ni ne mai tafiyar. Gaskiya ta faɗa. Har a cikin aji na kama kaina ina ba yara labarin kogin Nilu alhali nahawu muke yi.

Labarin gida ba zan ba ka ba, jiya ka baro shi. Wa'azin karatu kuwa ka sha shi a bakin kawunnanka har ya ishe ka. Abin da nake so in gaya maka shi ne yadda sandar nan ta zo hannuna, da irin wautar da na tafka a kanta, domin kada ka maimaita.

Ina shekarata ta biyu a can, muna zaune a unguwar Hayyus Sabi, a hawa na biyar, ɗaki ɗaya ni da wani ɗalibi mutumin Maraɗi ana ce masa Isuhu. Wata rana na je unguwar Dokki kan maganar takarduna, aka ce in dawo gobe, karo na uku ke nan. Na fito raina a ɓace, na yi ta tafiya a ƙasa har na iske kaina a bakin kogi, ina hango gidajen Zamalek a tsallake. A nan na ga wani dattijo cikin jallabiya ruwan toka, zaune a kan dutse, ya miƙa wata doguwar gora a kan ruwa. Ƙamshin ruwan nan da ganin gorar suka tuno mini garinmu Yawuri, har sai da na ji ƙwalla. Na tsaya a bayansa ya fi awa ɗaya. Da na yi masa sallama na fara magana da Larabcin littafi, sai ya yi dariya ya tambaye ni ko huɗuba zan yi masa. Sunansa Rajab, amma kowa Ammu Rajab yake ce masa, wato Baffa Rajab. Sana'arsa saƙar kujerun kara, yana da ɗan shago a unguwar Imbaba.

Kafin mu rabu na riga na cika masa baki. Na ce ni a bakin kogin Kwara aka haife ni, fatsa tun ban san hannun damana ba nake yin ta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ƙananan kifayen nan da yake kamawa a cikin gari na rage lokaci ne, in da gaske nake in same shi ranar Juma'a da sassafe mu tafi Ƙanaɗir, inda aka datse kogin a arewacin birni, in ga abin da ake kira mabruk.

Hadi, ba mu da mabruk a ruwanmu, saboda haka bari in kwatanta maka. Kifi ne mai faɗin baya, ɓawonsa manya-manya masu launin tagulla, bakinsa kamar na mai tsotson ɓargo, da ɗan gashin baki a gefe. Yana da ƙarfi, yana da wayo, kuma ba ya gaggawa. Ranar da ka ga babbansa ya juya a ƙarƙashin ruwa, hasken rana ya faɗa a gefensa, za ka gane abin da ya sa tsohonka ke sumbatu.

Juma'ar farko na zo da tana cike da gwangwani, wadda na haƙo a wani lambu. Ammu Rajab ya miƙo mini nasa abin koton, ƙulli ne na biredi da garin masara da ɗan maɗi, na ce masa na gode, mu a wurinmu kifi tana ya sani. Ya ara mini gora. Ya watsa dafaffiyar masara a wuri ɗaya, ya zauna kamar gunki. Ni kuwa ina ta zirga-zirga, ina surutu, da zarar toton da ke shawagi a kan zaren ya ɗan motsa sai in fizga. Kafin lokacin sallah shi ya kama uku, ni ko ƙaya ban gani ba. Juma'a ta biyu haka aka yi, na ce ruwan ne bai saba da hannuna ba. A ta uku ne na zubar da tanar, na matsa kusa da shi na ce, "Ammu, koya mini."

Ya ce tun ran farko maganar da yake jira ke nan. Ya nuna mini cewa mabruk yana jin takun mutum ta cikin ƙasa. Ya nuna mini cewa yakan yi wasa da ƙullin tukuna, toton ya yi rawa, ya ɗago, ya kwanta, duk wannan ba naka ba ne. Sai toton ya nutse ya kama hanya, sannan za ka ɗaga hannu, a hankali amma ba da wasa ba. A ranar na kama na farko. Bai kai tsawon kamu biyu ba, amma na rungumo shi har Hayyus Sabi ina nuna wa duk wanda ya kalle ni.

Ka ga mako biyu na yi asara saboda kalma biyu sun yi mini nauyi. Kai ma ka tafi da yabon malamanka na gida a kunne, an ce babu kamarka a ajinku. Za ka tarar da yaro ɗan shekara goma da zai gyara maka karatu, da mai sayar da wake da zai gyara maka Larabci. Ka ce ban sani ba tun da wuri, Hadi. Yana da ɗaci a baki, amma sau ɗaya ne.

Yanzu ga maganar sandar. Shi ya yi ta da hannunsa. Ya ce shi ya zaɓi gorar a gonar wani ɗan'uwansa, ya shanya ta shekara biyu a kan rufin gida, ya miƙar da ita a kan garwashi, ya yanka gida uku, sannan ya sa mata mahaɗan tagulla. Duba za ka gani: kowane mahaɗi akwai namiji akwai mace, ɗaya na shiga cikin ɗaya kamar biro da murfinsa. Ya sha yi mini bayanin yadda ake kula da su, ni kuwa ina ta cewa tamam, tamam, wai na gane, idona na kan ruwa.

Wata Juma'a ciwon gwiwarsa ya tashi, ya ce ba zai iya fita ba, amma kada in rasa ranar. Ya ɗauko wannan sandar, wadda ita ce ya fi ji da ita, ya ba ni aro. Na ja Isuhu muka tafi. Ina isa, don ɗoki, na zube gaɓoɓin a kan yashi, na ɗauka ko hurewa ban yi ba, na cusa ina murɗawa da ƙarfi don wai kada ta kwance. Na wuni ina tsoma ta a ruwa, rana na dukan ta. Kifi biyu na kama masu kyau. Da muka tashi tafiya gaɓar sama ta fita, amma ta tsakiya da ta gindi suka ƙi rabuwa, kamar an yi musu walda. Na ja, Isuhu ya ja, muka ja tare, ko gezau.

Ka yi tunanin gora mai tsawon mutum biyu a cikin ƙaramar motar haya ta Alƙahira. Direba biyu suka ƙi ɗaukar mu. Na uku ya ce yalla mu shigo amma mu fitar da ita ta taga, muka ratsa gari kamar masu ɗauke da tuta, fasinjoji kowa na ba da shawara. Wani ya ce a zuba mata mai, wata mata ta ce a sa ta a wuta, wani ya ce a karanta mata Fatiha. A matakalar gidanmu kuwa sai da muka yi ta juya ta a kowace kwana.

Da muka shiga ɗaki bayan la'asar, Isuhu ya ce in ajiye ta, gobe in kai wa mai ita, shi ya san kayansa. Shawara ce mai kyau, kuma na san mai kyau ce. Kunya ta hana ni. Na ce yaya zan je wa mutumin da ya yi mini bayani sau goma in ce ga shi ban ji ba? Na sauka wurin maigadin gidan na aro filaya, na danne gindin da gwiwa, na kama tagullar na murɗa. Ba ta motsa ba. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji ƙas. Tagullar tana nan yadda take, gorar ce ta tsage a ƙarƙashinta, tsawon tafin hannu. Isuhu ya ce wani abu da Faransanci ya fita daga ɗakin. Ni kuwa na zauna a ƙasa riƙe da filaya.

Abin da na yi bayan wannan ya fi karya sandar muni. Na tura ta ƙarƙashin gado, na ɗauke ƙafa. Juma'a ta zo ban je ba, ta biyu ban je ba, ta uku ban je ba, kuma ko saƙo ban aika ba. Lokacin babu waya a aljihun kowa, saboda haka ɓuya ba ta da wuya. Kullum ina gaya wa kaina cewa sai na samo dabarar gyarawa tukuna. Ko kifi na gani a kasuwa sai in kau da kai.

Ranar wata Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Isuhu ya buɗe. Ammu Rajab ne, ya dafa bango yana haki, gumi ya jiƙa masa jallabiya, a hannunsa tukunya an ɗaure ta da ƙyalle. Bai san gidanmu ba, sunan unguwa kawai na taɓa gaya masa. Ashe tun safe yake bin shaguna yana tambayar ɗalibi ɗan Nijeriya mai suna Bashir, a unguwar da muke da yawa kamar me. Shi a zatonsa ciwo nake yi, babu mai kula da ni a baƙon gari, shi ne ya sa matarsa ta dafa romo ya kawo.

Ban iya gaishe shi yadda ya kamata ba. Na durƙusa na jawo sandar daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa. Ya zauna a bakin katifa, ya ɗauke ta, ya bi tsagar da babban yatsa, ya ga shaidar haƙoran filaya a jikin tagullar. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Saboda wannan ne?" in ji shi.

Na ce eh.

"Ya ibni, ɗana, wannan gora ce, a bakin ruwa take tsirowa. Gwiwata fa ba ta tsirowa, ka sa na hau bene biyar da ita."

Isuhu ya fashe da dariya, ni kuma hawaye suka zubo mini. Ammu ya ce halas, magana ta ƙare, a kawo cokula kada romon ya huce, tunda dai an dafa ko babu marar lafiya sai an sha.

Ka riƙe wannan da kyau, Hadi. Za ka yi wa wani ɓarna a garin nan, ko littafi, ko alƙawari, ko wata amana. Ranar da ka yi, a ranar za ka je ka faɗa, da bakinka. Ni na ɗauka ina guje wa fushinsa ne, ashe tsoho na bari cikin zullumi mako uku yana tunanin ko na mutu.

Washegari na kai sandar shagonsa. Ya aiki maƙwabcinsa mai sayar da ruwan rake ya kawo ƙanƙara, ya naɗe ta a ƙyalle ya ɗora a kan mahaɗin na ɗan lokaci. Sannan ya ce in tsuguna, in sa sandar a bayan gwiwoyina, in kama ta hagu da dama dab da tagullar, hannuwana a wajen gwiwa, in buɗe ƙafafuna a hankali. Sai ji na yi ɓul, ta rabu. Abin da ya hana ni barci mako uku, bai kai minti biyar ba. Ya kakkaɓe macen a tafin hannunsa ya nuna mini yashin da ya zubo, ko rabin tsunkule bai kai ba. Daga nan ya buɗe tsagar ya zuba gam, ya ɗaure, bayan kwana biyu ya naɗe wurin da jan zare sawu a kan sawu, ya shafe da man da yake shafa wa kujeru su yi sheƙi. Jan zaren da kake gani a gaɓar gindi ke nan, wanda kuka sha tambayata na ce muku ado ne.

To ga abin da ya koya mini ranar, wannan karon kunnena a buɗe. Kada tagullar ta taɓa ƙasa, ko sau ɗaya. Kafin ka haɗa, ka goge namijin da tsumma mai tsabta, ka naɗa tsumma a tsinke ka share cikin macen. In ka ga ya fara tauri, ka ɗan goga masa gutsuren kyandir, sannan ka goge har sai ka daina ganin kakin. Na sa maka guntu a aljihun jakar. Ka fara haɗa gaɓar sama da ta tsakiya, gindi shi ne ƙarshe. Hannunka dab da mahaɗin, ka tura a miƙe, ka cire a miƙe. Murɗawa ita ce haramun a wannan sana'a, domin tagulla tana jure wa murɗa, gora ba ta jurewa. Da ka gama fatsa ka raba ta tun a bakin ruwa, kada ka ce sai ka isa gida, kuma kada ta kwana a haɗe. Ka shanya ta a inuwa ta bushe kafin ta koma jaka, ka toshe bakin matan mahaɗan da 'yan tsummokaran da za ka gani a ciki. In koren tsatsa ya fito, tsumma da haƙuri ne maganinsa, kada ka kankare da wuƙa, ka rage masa jiki ya zama sako-sako har abada. In duk da haka ta maƙale, ƙanƙara da bayan gwiwa. In ta ƙi, ka bar ta ta kwana a wuri mai sanyi. Filaya kuwa, ko a mafarki.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Ina fa. Tsoro ne ya kama ni, na koma ɗaya gefen. Don kada ta sake maƙalewa, duk sanda ya ara mini ita sai na riƙa shafa wa mahaɗin man girki a ɓoye, kuma in tura shi rabi kawai in bari. Haka na yi ta yi har aka shiga bazara, babu abin da ya faru, domin kifayen da nake kamawa ba su da nauyi.

Sai wata safiya a Ƙanaɗir. Ruwa ya kwanta luf, rana ta fara ɗagowa, Ammu na zuba mana shayi. Toton nawa ya yi rawa, ya ɗago, ya kwanta. Sai ya nutse ya yi gabas, a hankali, kamar wanda ba ya tsoron kowa. Na ɗaga hannu. Hadi, wallahi na zaci ƙugiyar kututture ta kama, sai kututturen ya fara tafiya. Gorar ta lanƙwashe har kanta na shan ruwa, zaren na kuka kamar tsarkiyar goge. Ka san sandar nan ba ta da abin naɗe zare, kai da kifi sai ƙafa da hannu. Ammu ya yar da shayin ya miƙe, gwiwar ma ya manta da ita, yana cewa in bi shi, in bi shi, kada in ja da shi. Na bi gaɓar kogin da gudu, na tsallake kayan wasu masu fatsa, na shiga cikin ciyawa. Kifin ya juyo, ya taso kusa da sama, muka ga bayansa. Faɗinsa ya kai na faranti. Mutanen da ke wurin duk suka bar nasu suka taho.

A daidai lokacin ne ya sake yin ƙasa da ƙarfi, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Gaɓa biyu na sama sun zare daga mahaɗin da na shafa wa mai, sun bi zaren sun faɗa ruwa. Ni ga ni tsaye da gindin gora kamar mai riƙe da muciya.

Abin da ya cece ni dabarar Ammu ce. Shi ba ya ɗaure zare a kan sanda kawai, sai ya naɗo shi a jikinta har gindi ya ƙulle a can. Saboda haka kifin na nan, gorar ma na nan, suna yawo tare a kan ruwa. Ban yi shawara da kowa ba, na faɗa da rigata. A nan dai Yawuri ta yi mini rana. Ruwa har ƙirji, na kamo gaɓar tsakiya, na ɗaga ta sama da hannu biyu, na ci gaba da fama da shi daga cikin ruwan, ƙafata na nutsewa a laka. Ya ja ni, na ja shi. Sau uku yana zuwa kusa yana komawa. Mutane a gaɓa kowa na ba ni umarni, Ammu na ce musu su yi shiru alhali ya fi kowa ihu. A karo na huɗu kifin ya kwanta a gefensa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Ammu ya tattare jallabiya ya shigo har gwiwa da 'yar komarsa, kan kifin kawai ya shiga, sauran na rungume shi da ƙirjina muka fito tare.

Na shimfiɗa hannuna a kansa, daga yatsa har kafaɗa, wutsiyarsa ta wuce. Wani ya yi kabbara. Ammu ya rungume ni da laka da komai yana cewa mabruk, mabruk, ban san ko sunan kifin yake kira ko barka yake yi mini ba, domin kalmar ɗaya ce a wurinsu.

Da hankali ya kwanta ya ɗauki gaɓar ya shinshina tagullar, ya tambaye ni ko soya ta nake shirin yi. Ya ce mai yana kwaso ƙura ya zama laka a ciki, kuma mahaɗin da bai zauna ba ko ya zare ko ya fasa bakin macen. A tura shi har ya zauna daram, a tsaya. Ni kuma abin da zan ƙara maka shi ne, in ka yi kuskure sau ɗaya kada tsoronsa ya tura ka ga wani. In ka faɗi jarrabawa ka gyara karatu, ba ka kulle kanka a ɗaki ka daina cin abinci ba. In aboki ya cuce ka, ba duka garin ne suka cuce ka ba. Kuma kada ka kwaikwayi faɗawa ruwan nan, musamman inda ba ya gudu. Ni Allah ne Ya tsare, akwai tsargiya a ciki.

Kifin a gidan Ammu aka gasa shi, da Isuhu da maƙwabta, aka ci har aka raba. Shekara huɗu muka ƙara muna zuwa Ƙanaɗir tare. Ranar da na je sallama zan dawo gida, ya ɗauko sandar a jakarta ya sa mini a hannu. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce ai tana ɗauke da shaidar haƙoran filayata, wa zai so ta in ba ni ba.

Saura guda ɗaya, kuma ita ce ba ta da ban dariya. Bayan na dawo Yawuri ya aiko mini da wasiƙa sau biyu. Shi bai iya rubutu ba, 'yarsa Samiya ce ke rubuta masa. Yana tambayar ko na yi aure, ko akwai mabruk a Kwara, ko ina goge tagullar. Na yi murna ƙwarai, na ce zan zauna in rubuta masa amsa mai kyau, doguwa, da Larabcin da zai burge. Na fara koyarwa, na yi aure, aka haifi yayanka. Kullum ina cewa sai na sami natsuwa. Wasiƙa ta uku da ta zo, da hannun Samiya ce ita ma, amma ba shi ya yi mata shifta ba. Ta ce ya rasu bayan gajeriyar jinya, kuma har kusan ƙarshe in mai kawo wasiƙu ya wuce ta gaban shago sai ya tambaye shi ko akwai ta Nijeriya.

Layi uku da sun ishe shi, Hadi. Lafiya lau nake, na yi aure, ina goge tagullar. Ban rubuta ba.

Kai kana da waya a aljihu. Kada ka jira sai kana da labari mai daɗi ko lokaci mai yawa kafin ka kira Ummanku. Ka kira ka ce lafiya lau, yau wake na ci. Haka nan duk wanda ya yi maka alheri a can, ka neme shi tun yana iya jin muryarka.

Ga roƙona. In ka natsu, ka gama da rajista da takardun zama, ka shiga mota zuwa Imbaba. A bayan takardar nan na zana maka hanya yadda na tuna ta, ko da yake na san gari ya canza. Ka tambayi iyalan Rajab mai kujerun kara, tsofaffin layin za su sani. In ka sami Samiya ko 'ya'yanta, ka gaishe su da ladabi, ka ce kai ɗan Bashir ne, ɗan Nijeriyar da aka kai wa romo alhali lafiyarsa ƙalau. Ka ce mata wasiƙun sun iso duka uku, suna nan a wurina, laifin nawa ne ba na gidan waya ba. Ka roƙi a nuna maka kabarinsa ka yi masa addu'a a madadina. In ba ka same su ba, ka yi masa addu'ar a masallacin layin, Allah Yana ji.

Bayan nan sai ka nemi Juma'ar da babu jarrabawa a gabanta, ka dafa masara, ka kwaɓa ƙulli, ka tafi Ƙanaɗir da sassafe. Ka nemi tsohon da ya fi kowa shiru a bakin ruwan ka zauna kusa da shi, ba dab ba. Ina ji a jikina za ka kama, kuma ina ƙyashin ka ƙwarai da gaske.

Allah Ya tsare mini kai daga sharrin ruwa da na tudu, da na hanya da na abokai. Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya ciyar da kai halal, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Allah Ya ji ƙan Ammu Rajab, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini abin da na gaza a kansa. Ummanku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. 'Yan'uwanka duk suna gaisuwa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Bashir